Maki Uku da Rabi: Yadda Na Nemi Ƙarin Girma a Tsangayar Likitanci

Duk shekara, da zafin bazara ya kankama, takarda kan fito daga ofishin rajistara: duk malamin da ya cika shekara uku a matakinsa, ya haɗa takardunsa ya miƙa wa shugaban sashe. A 2021 na ce to, bana da ni. Ni likitar yara ce, ina koyarwa a tsangayar likitanci ta wata jami'ar tarayya a Arewa, ina kuma ganin marasa lafiya a asibitin koyarwarta, galibinsu yara masu sikila. A lokacin shekarata biyar ina babbar malama. Matakin da ke gabana shi ne na mataimakiyar farfesa, kuma biyu daga cikin mazan da aka ɗauke mu aiki rana ɗaya sun riga sun taka shi.

Kafin likita ya zama malamin jami'a a ƙasar nan, ya sha tafiya. Shekara shida na digirin farko, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekarar bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa da kan ci shekara biyar ko shida in an yi sa'a, da jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko takwararta ta Afirka ta Yamma, kashi na ɗaya da na biyu. Da wannan shaida ake ɗaukar mutum malami. Duk mai lissafi zai ga cewa mace za ta iso bakin ƙofar tana da shekara talatin da 'yan kai, wato horon nan ya faɗo daidai kan shekarun aure da haihuwa. Ni da cikin wata bakwai na zauna jarrabawar kashi na ɗaya a Ibadan. Ta biyu kuwa ina goyo. Ƙanwata ce ta bi ni, ta riƙe jaririyar a masauki, ina fitowa daga gaban masu jarrabawa in ruga in shayar da ita.

Haɗa fayil ɗin ƙarin girma aiki ne ja. Akwai tarihin aiki da za a rubuta bisa tsarin da jami'a ta shimfiɗa, ba a yarda a sauya ko jerin kanun ba. Akwai fam ɗin auna ƙwazo na shekara uku. Sai kuma kowace maƙala da mutum ya buga a mujallar ilimi, a yi fotokofinta tun daga bangon mujallar har shafin ƙarshe, a ɗinke su littafi guda, a yi kwafi da yawa. Sati biyu ina zirga-zirga tsakanin asibiti da shagon masu ɗinkin takardu. Ranar da na kai su ofis, a jakar bakko na zuba su.

Sai dai tun kafin in kai, na zauna da takardar ƙa'idoji na yi wa kaina lissafi, kuma gabana ya faɗi. Kowace maƙala da makinta. In kai kaɗai ka rubuta, makin duka naka ne. In kuna da yawa a raba, wanda sunansa ya zo farko ya ɗauki kaso mai tsoka, na tsakiya su tsinci abin da ya rage. Ana duba inda aka buga, don ba a so duka su taru a mujallu na gida. Ana kuma duba nawa ne aka buga bayan ƙarin girman da ya wuce. Maƙalata goma sha tara ce, amma huɗu kaɗai ke ɗauke da sunana a farko.

Na daɗe ina kallon jerin nan. Kusan duk binciken da ke ciki, a ɗakin da nake ganin yara aka tattara bayanansa. Ni na roƙi iyaye su yarda a ɗebi jinin 'ya'yansu, ni na cike takardun, ni na bi sawun waɗanda suka daina zuwa. Da an gama tattarawa sai wani abokin aiki ya ce, "Dakta, kawo in tace miki alƙaluman, na ga ba ki da sukuni." In ba shi da godiya, domin gaskiya ne ba ni da sukunin. Wanda ya rubuta shi ne na farko, haka al'adar take, ni kuma in samu kaina ta uku ko ta huɗu. Akwai kuma wani ciniki da kowa ya san da shi a jami'a ko da ba a faɗa: sa sunana a taka in sa naka a tawa, ba ni gishiri in ba ka manda. Ba na yabon wannan ciniki, amma na lura da inda ake ƙulla shi, da inda ake jin labarin tallafin bincike ko gurbin taro tun kafin a liƙa sanarwa. A ƙofar masallacin gidajen malamai ne bayan magariba, ko wajen mai shayi. A wannan lokacin ni ina gida tsakanin tukunya da aikin makarantar yara.

Wani aikin kuma na yi shi, amma fam ɗin bai san da zamansa ba. Shekara huɗu ni ce jami'ar jarrabawa ta sashe: tsara jadawali, tattara tambayoyi, haɗa sakamako, kwana a ofis idan masu jarrabawa daga waje za su zo. Ni ce mai kula da 'yan aji biyar. Ɗalibar da ciki ya zo mata da laulayi ana gab da jarrabawa, ofishina za ta nufo. Wadda wani malami ya takura mata, nan za ta zo ta rufe ƙofa ta yi kuka. Duk wannan a layi ɗaya ake zuba shi, "hidima ga jami'a", makinsa kaɗan ne, yana kuma da iyakar da ba ya wucewa ko da mutum ya shekara goma yana yi.

Kwamitin sashe ya zauna, lissafinsu ya zo daidai da nawa. Maki uku da rabi suka rage. Shugaban sashe ya kira ni ofishinsa. Dattijo ne, shi ya koyar da ni tun ina ɗaliba.

"Hajiya, sai haƙuri. Ba ki cika ba."

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Akwai kuma wanda ya tambaya me ya faru a 2017 da 2018, ba ko maƙala ɗaya."

Na gaya masa abin da ya riga ya sani. Haihuwar autana ce, ta tiyata, sai jinyar mahaifiyata har Allah Ya karɓi abinSa. Ya gyaɗa kai, ya yi mata addu'a. Sannan ya ce, da niyyar kwantar min da hankali, "Ke ai ba ki da gaggawa. Maigida na nan tsaye. Waɗannan samarin su ke riƙe da gidaje."

Ban iya ce masa komai ba sai "Allah Ya ƙara girma." Rashin makin bai yi min ciwo kamar wannan maganar ba, domin makin gaskiya ne, ƙa'ida ce da ta hau kan kowa. Maganar kuwa ta nuna min cewa a idon mutumin da ke ƙaunata ma, aikina ƙari ne a kan aure, abin da za a iya jinkirtawa ba tare da an cuci kowa ba.

Akwai wata farfesa a sashen nazarin ƙwayoyin cuta da duk muke kira Anti. Wajenta na tafi. Ta bar ni na gama zubar da abin da ke cikina, sannan ta ba ni labarin Nancy Hopkins, masaniyar kimiyyar halittu a jami'ar MIT ta Amurka. Matar nan ta nemi a ƙara mata ɗan fili a ɗakin gwaje-gwaje don ta ajiye kifayen da take bincike a kansu, aka yi ta ja mata rai. Sai ta ɗauki tef ɗin awo ta bi ɗakunan abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, ta gano har waɗanda ke ƙasa da ita suna da fili kamar nata ko fiye. A 1994, mata 15 ne kawai ke da tabbatacciyar kujera a tsangayar kimiyya ta jami'ar, maza 194. Matan suka haɗa kai, aka kafa kwamiti, aka auna albashi da fili da kuɗin bincike. Da rahoton ya fito a 1999, shugaban jami'ar da kansa, Charles Vest, ya amsa a rubuce cewa bambancin gaskiya ne.

Anti ta ce, "Ƙanwata, in kika je musu da kuka za su ba ki haƙuri. Ki je musu da lissafi. Amma kafin nan ki cika makinki, don kada a ce faɗuwa ce ta sa ki magana."

Washegari na je na ajiye aikin jami'ar jarrabawa, a rubuce, cikin ladabi. An ji haushi, an ce na canza. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta duk awar da na kashe a kan aikin sashe. Na kuma daina miƙa bayanan bincikena ga kowa. Na nemi wani matashi a sashen lafiyar al'umma ya koya min tace alƙaluma a kwamfuta, ina biyansa daga aljihuna.

Mu huɗu muka haɗu don rubuta maƙalu: ni, da wata likitar mata, da wata malamar haɗa magunguna, da wata daga sashen kimiyyar sinadarai da ba ta daɗe da fita takaba ba. Wata huɗu da kwana goma ta yi a ɗaki, gwajin da ta fara ya lalace, ta dawo ta tarar an miƙa ɗalibinta na digiri na biyu ga wani malami. Kowace Asabar daga ƙarfe tara zuwa azahar muna falon ɗaya daga cikinmu, yara na wasa a tsakar gida, kowa da kwamfutarta. Doka ɗaya muka kafa: ba hira sai an rubuta shafi biyu. Maigidana ya ɗauke min kai yara Islamiyya da cefanen ranar, kuma ba zan ɓoye ba, da bai yi haka ba da labarin nan ya bambanta. Na san mata da yawa da ba su samu irin wannan ba.

Ana cikin haka ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas babu aji, babu albashin jami'a. Asibiti dai bai rufe ba, yara masu sikila ba su san da yajin aiki ba. Amma rashin darasi da jarrabawa ya ba ni safiya da ban taɓa samu ba. Bayan sallar asuba nakan zauna har bakwai. A watannin nan na rubuta maƙala uku, duka da sunana a farko. Wadda na fi ji da ita a kan dalilan da ke sa iyaye daina ba yaro maganin hydroxyurea ne, maganin da ke rage yawan tashin ciwon sikila. Na zauna da uwaye ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, suka gaya min abin da ba sa gaya wa likita namiji: kuɗin maganin, kuɗin motar zuwa gwajin jini, da mijin da ya ce ya gaji.

Bugawa kuma wani tudu ne. Da yawa daga cikin mujallu na waje da kowa ke iya karantawa kyauta, marubuci ke biya, da dala. Wata mujallar ta yafe min bayan na rubuta wasiƙar roƙo. Wata ta mayar min da maƙalar sau biyu da gyare-gyare shafi huɗu. Ta ukun kuwa sai da na sayar da awarwarona biyu na zinariya. Allah Ya taimake ni na biya kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Akwai mujallun biya-a-buga da ke cika min akwatin imel da alkawarin fitowa cikin sati biyu. Anti ta ce ko kallonsu kada in yi, masu tantancewa sun san su.

A 2023 na sake ɗaukar jakar bakko. Wannan karon fayil ɗin ya wuce sashe, ya wuce tsangaya, ya isa babban kwamitin naɗi da ƙarin girma na jami'a, aka amince ya cancanci a tura shi waje. Daga matakin mataimakin farfesa zuwa sama, jami'a ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Ana aika maƙalun ga farfesoshi uku na fannin a wasu jami'o'i, ba a gaya maka ko su wane ne, sai aƙalla biyu sun ce ka isa. Daga nan babu abin da ya rage sai jira da addu'a. Wani mai tantancewar kan amsa cikin wata biyu, wani ya ajiye ƙunshin a kan tebur har shekara ta zagayo, kuma neman sanin inda fayil yake laifi ne.

A wannan zaman jiran muka ɗauki tef ɗin awonmu. Ba mu nemi wani sirri ba. Kundin sunayen malamai na tsangaya muka buɗe, da bayanan tarurrukan shekarun baya, da jerin waɗanda asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya ɗauki nauyin zuwansu taro. Abin da muka gani ba sabo ba ne, amma ganinsa a takarda daban ne. A ajin ɗalibai mata sun cika benci. A ƙananan matakan koyarwa muna da dama. Ana hawa muna raguwa, har a kai kujerun farfesa inda yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirga mu. A jerin jami'an jarrabawa da masu kula da aji da kwamitin walwala kuwa, sunayenmu ne ke ta maimaituwa.

Muka rubuta takarda shafi biyu zuwa ga hukumar tsangaya, Anti ta sa hannu a sama. Mun roƙi a ƙara layi ɗaya a fam ɗin tarihin aiki inda malami, mace ko namiji, zai bayyana lokacin da ya yi hutun haihuwa ko takaba ko doguwar jinya, don mai tantancewa ya san dalilin giɓin. Gwamnatin tarayya na ba ma'aikaciya hutun haihuwa na sati 16, tun 2021 ma ta amince wa maza da kwana 14, to me zai sa hutun da doka ta bayar ya koma abin tuhuma a gaban kwamiti? Mun roƙi ayyukan sashe su riƙa zagayawa, kada kowa ya wuce shekara biyu a kai. Mun roƙi a daina sa taron sashe da ƙarfe huɗu na yamma, a riƙa liƙa sanarwar tallafi da gurbin taro a allo tare da sunayen waɗanda suka samu. Sai ɗaki ɗaya kusa da ɗakin kwanciyar yara, inda mai shayarwa za ta ajiye jaririnta da mai reno.

Ranar taron zauren ya cika. Wani farfesan tiyata ya miƙe ya ce, "Wato so kuke a rage muku maki?" Na ce, "Allah Ya gafarta malam, a duba takardar, babu inda muka nemi a rage ko rabin maki. Ni da kaina an mayar da ni saboda uku da rabi, na je na cika." Wani kuma ya kawo hujjar da na fi jin nauyinta. Ya ce ai hanya a buɗe take: Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin tun 1985, Farfesa Gambo Laraba Abdullahi ta riƙe Jami'ar Abuja, Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta riƙe ta Dutse, ga Farfesa Hadiza Galadanci can a Jami'ar Bayero duniya na labarinta. Su wa ya canza musu fam?

Waɗannan mata ina alfahari da su fiye da yadda shi yake yi. Binciken da Farfesa Galadanci ta kasance cikin jagororinsa, wanda aka buga a 2023, an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa auna jinin da mai haihuwa ke zubarwa da wata leda mai ma'auni, tare da haɗa magunguna a ba ta nan take, na rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Ina koyar da ɗalibaina wannan. Amma abin da na ce a zauren shi ne, sunayen da ya lissafa sun ƙare kafin numfashinsa ya ƙare, kuma ni na san matan da muka fara tare, masu kai kamar nasu, waɗanda suka ajiye koyarwa suka buɗe ƙaramin asibiti ko suka bi miji wata ƙasa, babu wanda ya taɓa tambayar dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani matashin malami da matarsa ke horon ƙwarewa ya tashi ya mara mana baya, ya ce taron ƙarfe huɗu shi ma yana hana shi ɗauko 'ya'yansa. Maganarsa ta yi tasiri a zauren, na ji daɗinta, ko da yake na lura sai da namiji ya faɗa aka daina murmushi.

An amince da lokacin taro, ya koma sha biyun rana. An amince da zagayawar ayyuka da liƙa sanarwa. Layin fam kuwa aka ce ba hurumin tsangaya ba ne, sai majalisar jami'a, aka tura shi can. Maganar ɗaki aka kafa mata kwamiti.

Wasiƙata ta zo a farkon 2025, wata goma sha tara bayan miƙa fayil. Masinja ne ya kawo min ita ina tsakiyar zagayen marasa lafiya, na sa ta a aljihun farar riga, ban buɗe ba sai da na gama da gado na ƙarshe. An ba ni matsayin tun daga 1 ga Oktoban 2023. Na yi sujada a ofis, na kira maigida, na kira Anti. Tsohon shugaban sashe har gida ya zo yi min murna, ya ce, "Hajiya, kin fitar da mu kunya," na kuma karɓi addu'arsa da zuciya ɗaya.

A satin nan sabon shugaban sashe ya turo min jerin ayyukan zangon da ke tafe don in duba. Ya sa wata ƙaramar malama, mai cikin wata biyar da maƙala uku kacal, a matsayin jami'ar jarrabawa. Na ɗauki jerin na je ofishinsa da kwafin matsayar hukumar tsangaya, muka bi sunaye tare har muka iso kan wanda bai taɓa riƙe aikin ba, aka rubuta shi. Ita kuma na ce ta zo gidana ranar Asabar da ƙarfe tara, ta taho da kwamfutarta da bayanan jariran da ta tara a ɗakin bakwaini. Layin fam ɗin yana nan a jerin abubuwan da majalisar jami'a za ta tattauna, an ɗage shi sau biyu. Ɗakin da muka nema har yau karyayyun kujeru ne a ciki, na samo makullinsa wajen mai kula da gini, mun auna shi da tef ni da likitar matan, ƙafa goma sha biyu ne da goma, kuma mun rubuta wa kwamitin adadin fenti da tabarmi da fanka ɗaya da yake buƙata.